Likita, ka ɗaga rigar yaron mana!

Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ɗana ɗan shekara biyu ya kwana uku yana zazzaɓi da tari a cikin hunturun nan, ko kunu ba ya karɓa. Tun da asuba na goya shi zuwa asibiti, na yanki kati, na bi layi har azahar. Da muka shiga, likita bai ko ɗago kai ba. "Me ke damunsa?" Ban rufe baki ba ya riga ya rubuta gwajin maleriya da na taifot. Wallahi bai taɓa yaron ba. Abin sauraren ƙirji na rataye a wuyansa, yaro na goye a bayana, haka muka shiga haka muka fito.

Sakamako ya fito, wai taifot. Na sayi magani, muka yi kwana biyu muna ɗura masa, jiki sai ƙara rikicewa yake yi.

Maƙwabciyarmu ce Allah ya turo, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Tana shigowa ta ce, "'Yar nan, kwantar min da shi." Ta yaye masa riga, ta ajiye agogo, ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Sau 58. Ta ce yaro daga shekara ɗaya zuwa biyar, in numfashinsa ya kai 40 a minti yana kwance ba kuka yake ba, to sai a zargi huhu. Jariri daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya kuwa, 50. Ta nuna min yadda ƙasan haƙarƙarinsa ke lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, da yadda hancinsa ke buɗewa. Ta ja fatar idonsa ta duba jini, ta lanƙwasa wuyansa a hankali don gudun sanƙarau. Duk wannan bai kai minti biyar ba. Ta ce, "Ɗauki mayafinki. Nimoniya ce, ciwon huhu, ba za ta jira gobe ba."

A asibiti na biyu, likitar ta ɗora abin saurare a bayansa dama da hagu, ta ce tana jin ƙaras-ƙaras a ƙasan huhun dama. Ta maƙala masa ɗan abin awo a yatsa, iskar jininsa 88, alhali in ta sauka ƙasa da 90 sai an sa wa yaro oksijin. Kwana biyar muka yi a kwance ana yi masa allurai.

Likitar nan ce ma ta gaya min cewa gwajin Widal guda ɗaya, wato gwajin jinin da aka yi masa a asibitin farko, ba ya tabbatar da taifot, domin a ƙasa irin tamu da cutar ta zama ruwan dare, jinin mutum na iya nunawa saboda wata tsohuwar haɗuwa da ƙwayar. Ashe a kan wannan takardar aka bar min ɗa yana fama da numfashi kwana biyu!

Na san likitocinmu na cikin wani hali. Mutum ɗaya, layi har waje, abokan aikinsa sun tafi Saudiyya da Ingila. Ina tausaya musu har zuciyata. Amma ƙirga numfashi ba ya cin ko sisi, ba ya buƙatar wutar lantarki ko janareta, minti ɗaya ne da ido biyu. In lokaci ya yi ƙaranci, a sa ma'aikaciyar jinya a bakin ƙofa tana ƙirga wa kowane yaro mai tari kafin ya shiga. Wannan ma ya gagara? Uwar da ta taso daga ƙauye, ta sayar da akuyarta ta zo, ba ta da maƙwabciya irin tawa fa? Wa zai yaye wa ɗanta riga?

Katin nan da takardar gwajin suna nan na adana. Ranar Litinin zan kai su ofishin shugaban asibitin farko da hannuna, kuma ba zan tashi ba sai an saurare ni.