Ranar da hanci ya kusa kashe min aure

Hunturun bana ya haɗa ni da mura mai naci, hancina ya toshe kamar an cusa masa auduga. Ran Alhamis na ɗaure akuya a babur zan kai kasuwar Maigatari, sai uwargida ta ce tunda ƙauyensu na kan hanya, in biya in gaida gyatumarta.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa can nesa kamar yadda ya kamaci suruki. A zuciyata "Inna, ina kwana?" na ce. Abin da ya fito kuwa shi ne, "Idda, ida kwada?"

Tsohuwa ta dire ƙwaryar da ke hannunta. "Idda? Iddar wa? Sakin ta ka yi?"

Na shiga girgiza kai ina nuna hanci. Na buɗe baki zan ce mura ce, Allah Ya taimake ni na tuna abin da "m" ke komawa a bakina ranar, na haɗiye kalmar. Wannan ko da wuƙa a wuya ba a faɗar ta gaban suruka. Kafin ka ce kwabo matan gida sun fito, wata har ta fara salati.

Ƙanin matata, da ke karatun Hausa a kwalejin ilimi ta Gumel, shi ya cece ni, bayan ya ƙoshi da dariya. Ya ce, "Inna, hanci ne." Wai "n" da "d" wuri ɗaya ake yin su, tsinin harshe ya taɓa hanƙa, bayan haƙoran sama. "M" da "b" kuma leɓɓa ne ke haɗuwa. Bambancin kawai, a "m" da "n" hanɗa, wato tattausan naman da ke can ƙuryar saman baki, na sauka, iskar da ta taso daga huhu ta bi ta hanci, shi ya sa ake ce musu 'yan hanci. Hanya ta toshe, sai su rikiɗe. Har ya sa tsohuwa ta matse hancinta ta ce "nama". Ta ce "daba", ta fashe da dariya, ta sa aka dafa min citta da kanumfari.

A kasuwa yunwa ta kai ni wajen wata Bafillatana, na ce ta dama min fura da nono. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Dodo dai yana gidanku."