Jan tururuwan da ke kan mangwaro ba maɓarnata ba ne

Manoma da yawa, da zarar sun ga ƙunshin ganye cike da jan tururuwa a kan mangwaro, sai su ɗauko maganin feshi. Hakan na damuna, domin masu gadin gonar ake kashewa. Tururuwan nan, da masana ke kira Oecophylla longinoda, ba sa cin ganye, ɗinke shi suke yi. Wasu su janyo bakin ganye biyu su haɗa, wasu su riƙo tsutsotsinsu a baki, zaren da tsutsar ke fitarwa ya manne gidan. Ƙwari suke farauta. A Jamhuriyar Benin, bincike ya nuna ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa yana ƙaurace wa bishiyar da suke kai. Cizonsu da zafi kam, shi ya sa masu tsinka kan shafa toka a hannu kafin su hau.