Hana kirifto: talaka ake karewa ko kujera?

A fadarmu ta shayi nan Yamai akwai wani yaro da wansa ke aiki a Libiya, duk ƙarshen wata sai ya turo mishi USDT, wato kuɗin intanet na kirifto mai bin darajar dalar Amurka, a waya, shi kuma ya canza wajen wani mai shago ya aika ma tsohuwarsu a Tawa. Shekaranjiya gardama ta kaure wai gara gwamnati ta hana kirifto kwata-kwata a huta, yaron nan bai ce uffan ba, wayarsa kawai yake jujjuyawa.

Ni dai ban goyi bayan hanawa ba, kuma ba don ban san ɓarnar ba ne. Damfara akwai ta, wanda ya ga yadda CBEX, wani dandalin zuba jari na kirifto, ta rushe da kuɗin mutane a Najeriya a 2025 ba zai yi musu ba, kuma maganar ƴan ta'adda su riƙa ɓoye kuɗi ta nan ba abin wasa ba ce a ƙasa irin tamu. Amma a duba lokacin da masu mulki ke tuna tausayin talaka. Babban bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa kirifto a Fabrairun 2021, ƴan watanni kacal bayan zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin ƴan sanda, wadda da aka toshe asusun masu tallafa mata sai suka koma karɓar gudummawa da Bitcoin. To me aka samu? Jama'a suka koma ciniki hannu-da-hannu ta waya, ba banki ba shaida, wanda aka cuta ma ba shi da inda zai kai kuka, har dai a Disamban 2023 bankin ya janye dokar da kansa. Da naira ta faɗi a 2024 kuma sai aka ɗora laifin kan Binance, kasuwar cinikin kirifto, aka tsare ma'aikatanta biyu.

Mu namu ya ma fi sarƙaƙiya. Sefa ba mu kaɗai ke da ita ba, ƙasashe takwas ne, kuma BCEAO, babban bankin da ke buga ta, a Dakar take. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da CEDEAO ta ƙaƙaba mana takunkumi aka riƙe kuɗin ƙasa, wa ya manta layin banki tun asuba, kuɗinka na guminka amma a ce ga iya abin da za a ba ka? Gwamnatin da ta ɗanɗani wannan, take kuma maganar kuɗin kanmu a AES, ƙawancenmu da Mali da Burkina Faso, da wane baki za ta ce ma matashi kar ya nemi hanyar da ba a iya toshewa? Amma fa kowace gwamnati tana son ta ga inda kowace dala ta shiga, saboda haraji, saboda ƴan adawa.

Abin da nake so shi ne a yi ma masu canjin rajista a san shagonsu, mai damfara a kai shi gaban alƙali, dokar zamba ai tana nan tun tuni. In aka hana, wan yaron nan ba zai daina turowa ba, mai shago ne kawai zai ƙara ladan canji, a yanke daga kuɗin hatsin tsohuwa.