Mai gadin unguwa ba alƙali ba ne

Duk inda mutane suke zaune wuri guda, idan sata ta yawaita ko dare ya fara ba da tsoro, abin da suke fara yi shi ne kiran taro. Haka abin yake a Ingila inda nake zaune, haka kuma yake a Arewacin Najeriya inda na tashi, kuma dalilin bai bambanta ba, domin babu hukumar da za ta iya ajiye ɗan sanda a ƙofar kowane gida. Bambancin yana bayyana ne bayan an shafa fatiha ko an rufe taro. A gida ana tashi da sunayen matasan da za su kwana a waje da gora da tocila da usur, a nan kuwa ana tashi da takarda mai ɗauke da koke-koke da sunan jami'in da za a bi a kan kowane ɗaya. Ra'ayina shi ne mun fi su zumunci da jarumta nesa ba kusa ba, amma sun fi mu sanin inda aikin maƙwabci ya tsaya, aikin hukuma ya fara, kuma rashin wannan iyaka ne yake cinye yawancin alherin da 'yan sintirinmu suke shukawa.

Tsarin da ake kira Neighbourhood Watch, wato maƙwabta su riƙa lura da unguwarsu, ya fara a Ingila a 1982, a wani ƙauye mai suna Mollington da ke yankin Cheshire, kuma aro shi aka yi daga Amurka, inda ƙungiyar shugabannin 'yan sandan gundumomi ta ƙaddamar da shi a faɗin ƙasar tun 1972. Ba a ɗora wa membobinsa aikin sintiri da makami ko kamu ba. Hasali ma, wata doka ta 1953 ta haramta yawo da makami a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, don haka wanda ya fito da sanda da sunan gadin layi yana iya riga ɓarawon shiga hannu. Abin da ake so daga mutum shi ne ya lura, ya rubuta abin da ya gani da lokacin da ya gan shi, ya kira 999 idan abin na gaggawa ne, ko 101 idan zai iya jira.

A taron irin wannan da nake halarta a wani ƙaramin ɗakin taro na unguwarmu, jami'ar 'yan sanda takan zauna a kujerar roba irin ta kowa, kansila yana gefenta da littafinsa. Akwai wata dattijuwa da ba ta fashi, takan zo da 'yar takarda a ninke cikin jakarta, ta karanto lambar da ke jikin turken fitilar da ta mutu a bayan gidajensu, ta faɗi ranar da ta kai ƙara, sannan ta ɗago kai ta tambayi kansila ranar da za a gyara. Ba ta ɗaga murya, amma a taro na gaba da wannan tambayar take farawa. Yawancin abin da ake tattaunawa bai wuce haka ba: fitila, shara da aka jibge a lungu, gidan da aka bari babu kowa, motocin da ke gudu kusa da makaranta. Mai kallo daga waje zai ce wannan ba maganar tsaro ba ce, alhali ita ce gindinta, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wani gwaji da aka yi a 2016 a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York ya nuna cewa ƙara hasken fitilu kawai ya rage manyan laifukan da ake aikatawa a waje da dare da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sai dai tsarin nan yana da raunin da ba na ɓoye shi. Mutane suna shekaru gida na jikin gida ba su san sunan juna ba, masu zuwa taro galibi tsofaffi ne masu gidajen kansu a unguwannin da dama can suke cikin kwanciyar hankali, unguwannin da suka fi buƙata kuwa su ne suka fi ƙarancin masu fitowa. A zaurukan WhatsApp na maƙwabta kuma, sau da yawa laifin yaron da aka ɗora hotonsa bai wuce baƙuwar fuska ko launin fata ba. Binciken da Robert Sampson da abokan aikinsa suka wallafa a 1997, bayan sun tambayi mutum 8,782 a unguwanni 343 na birnin Shikago, ya gano cewa tashin hankali ya fi ƙaranci a inda maƙwabta suka yarda da juna kuma suke shirye su tsawatar idan sun ga ɓarna. Wannan da suke nema da kuɗi da bincike, mu da shi muka tashi: mai unguwa ya san wanda ya tare jiya, dattijo yana iya tsawata wa ɗan da ba nasa ba, ihu ɗaya kuma ya isa ya fito da layi gaba ɗaya.

Ba na kuma cikin masu zama a nesa suna cewa mutanen gida su ajiye gora su kira waya. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasar baki ɗaya, jami'anta kuma ba su kai 400,000 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Wanda ya san caji ofis mafi kusa da shi yana da mota ɗaya, ita ma wani lokaci babu mai, ba za a ce masa ya jira ba. Matasan kato-da-gora da suka tashi a Maiduguri a 2013 sun taimaka wajen fatattakar Boko Haram daga cikin birnin, da yawansu kuma sun rasa rayukansu a kan haka. Gwamnatoci ma sun amsa cewa ana buƙatarsu, shi ya sa Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta bi baya da Askarawa a 2024. Matashin da yake kwana a kan benci a bakin lungu cikin sanyin hunturu, a kan ɗan abin da aka tara ta karo-karo, ya cancanci girmamawa.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka kama mutum. Wanda ya tashi a unguwanninmu ya san yadda safiyar take: yaro a ɗaure a gindin turke, fuska a kumbure, jama'a sun yi da'ira, kowa da ya iso sai ya kai nasa dukan kafin ya tambayi abin da aka sata. Waɗanda suka kama shi su ne masu tuhuma, su ne shaidu, su ne masu yanke hukunci, kuma idan daga baya aka gane ba shi ba ne, babu mai amsa tambaya. Masu nazarin rikicin Zamfara da dama sun nuna cewa kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka mayar da satar shanu ta koma ramuwar gayya marar iyaka. A watan Maris na 2025 kuma mu aka yi wa: matafiya 16, mafarauta da ke hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, aka kashe su a Uromi ta Jihar Edo bayan 'yan banga sun tare motarsu. Mun yi kuka, kuma muna da gaskiya, amma ɗabi'ar da ta kashe su ita ce muke yafe wa kanmu idan wanda ke ƙasa ba namu ba ne. Wannan cuta ba ta talauci ba ce kawai. A Fabrairun 2012, a garin Sanford na Amurka, jagoran masu lura da wata unguwa, George Zimmerman, ya bi sawun Trayvon Martin, yaro ɗan shekara 17 da ba ya ɗauke da makami, ya harbe shi.

Dokarmu ma ta shata wannan iyaka. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yarda mutum ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma ta wajabta miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Don haka kwamitin unguwa yana iya farawa da abin da ba ya buƙatar ko sisi: a rubuta sunan kowane ɗan sintiri a gaban mai unguwa da DPO, a buɗe littafin da za a shigar da duk wanda aka kama da lokacin da aka miƙa shi, a kuma sallami duk wanda ya ɗaga hannu a kan wanda ya riga ya shiga hannu, ko ɗan waye shi. Na san amsar da za a ba ni, cewa ana kai ɓarawo da safe ya dawo unguwa da yamma. Wannan koke gaskiya ne, kuma a nan ne littafin yake da amfani, domin dattawa goma da suka je ofis da kwanan wata da suna da lambar ƙara sun fi wuyar sallama fiye da mutum ɗaya mai ɓacin rai.

Ina kuma so a ba mata da 'yan haya kujera a waɗannan kwamitoci, saboda uwa ta riga kowa sanin yaron da ya fara shaye-shaye, ita ce kuma ta san lungun da 'yarta take tsoron bi bayan magariba. Idan aka raba taron gida biyu, rabi ga sintiri, rabi ga kangon da 'yan daba suke taruwa a ciki, da fitilar da ta mutu, da matasan da suka gama makaranta babu sana'a, to kansila da shugaban ƙaramar hukuma za su fara samun baƙin da suke dawowa kowane wata da tambayar da suka yi a watan jiya.