Robar da na tara a ƙarƙashin famfo

Jama'a, yau mu 'yan haya nake so mu yi wa kanmu faɗa. Na san mun fi jin daɗin caccakar masu gida, kuma wasunsu sun cancanci abin da ake faɗa a kansu. Akwai mai ƙara kuɗi ba sanarwa, akwai mai faɗo maka gida ba sallama, akwai wanda ranar karɓar haya da sassafe yake ƙofarka, ranar gyara kuwa wayarsa a kashe. Sai dai gida huɗu na zauna haya zuwa yanzu, kuma tsakani da Allah, ɓarna mafi muni da na taɓa gani a gidan haya ni na yi ta, da shiruna.

A gida na biyu ne. Bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fara yoyo, ɗis, sai can kuma ɗis. Na samo wata tsohuwar roba na tara, kullum da safe in zubar in mayar. A raina na ce ai ba gidana ba ne, kuma in na kira mai gida zai ce ni na lalata. Haka na yi wata biyar. Sai tafiya ta kama ni ta sati biyu. Da na dawo, tun daga ƙofa wani wari ya tare ni. Katakon durowar ya kumbura ya yi baƙi, ka danna yatsa ya nutse kamar jiƙaƙƙen kwali. Fentin bango ya tashi yana ɓarewa, har maƙwabcina na bayan bangon sai da ya janye gadonsa saboda danshi. Mai gyaran famfo da ya zo, 'yar wata roba ya ciro, ba ta fi zoben yatsa ba, ya ce ita ce ta tsage. Minti goma ya yi ya gama. Gyaran durowa da bango kuwa sai da ya cinye kuɗin ajiyar da na ba mai gida kaf, na kuma yi ciko.

Mutane na raina ɗigo. Ku lissafa: famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa, ɗigo 86,400 ke nan a kwana guda. Kuma ruwan ba a inda ka gan shi yake tsayawa ba. Siminti na shan ruwa. In ya kai ga rodin da ke cikin kankare sai rodin ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen cin wuri, sai ta tsaga kankaren daga ciki. Funfuna ba ta buƙatar fiye da kwana ɗaya zuwa biyu na danshi ta fara fitowa, kuma ba mai gida ne zai shaƙe ta ba. Kai ne da iyalinka, musamman in akwai mai asma a gidan. To wa ka cuta da cewa ba gidanka ba ne?

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin ijara, wato haya. Abin da ɗan haya ya saya amfanin gida ne na wani wa'adi, shi kansa gidan amana ne a hannunsa. Abin da ya lalace don tsufa ko don amfani na yau da kullum ba ya kansa. Abin da ya lalace don ya wuce gona da iri, ko don ya yi sakaci, wannan shi zai biya. Fenti ya koɗe bayan shekaru, mariƙin ƙofa ya saki saboda yawan buɗewa, na mai gida ne. Tsagewar 'yar robar nan ma tasa ce, da na faɗa masa a makon farko. Shirun wata biyar ne ya mayar da ita tawa.

Shi ya sa yanzu, tun ran gini tun ran zane. Kafin in shigar da ko tabarma sai na zagaya gidan da waya a hannu. In kunna kowane famfo, in ja ruwan banɗaki, in gwada soket ɗaya bayan ɗaya, in ɗaga kai in duba silin ko akwai tabon yoyo. In ɗauki hoton tayil ɗin da ya fashe da lambar da ke kan mitar wuta, in tura wa mai gida a ranar, don kwanan wata ya zauna a saƙon. Takardar yarjejeniya kuma in karanta ta har ƙasa, ko da dillali na tsaye yana duba agogo. Wa ke da gyaran me, notis na wata nawa ne, an yarda in sa wani a ɗaki ko ba a yarda ba. Duk kuɗin da na bayar, rasit. Wani zai ce rashin yarda ne. Ni dai na ga abota ta mutu a kan “ai na ba ka” da “ban tuna ba”.

Sai maganar da ta fi nauyi a baki, wato ranar da kuɗin haya bai haɗu ba. Kowa na iya shiga wannan hali, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne ɓuya: ka ga kira ka ƙi ɗagawa, ka koya wa yaro ya ce baba ba ya nan. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Mun cika ɗauka duk mai gida attajiri ne, alhali wani da kuɗin hayar nan yake biyan makarantar 'ya'yansa, wata kuma gwauruwa ce da ba ta da wani abin dogaro sai ɗakunan da aka bar mata. Ka je tun wa'adi bai cika ba, ka ce ga abin da ke hannuna, ga ranar da zan cika. In ranar ta zo ka cika, ko ka sake zuwa da ƙafarka.

Sauran ƙananan abubuwa kowa ya san su. Kada a zuba mai a magudana, daskarewa yake ya toshe bututu. Kada a jera dutsen guga da butar lantarki a kan soket ɗaya. Kada a fasa bango ko a canza makulli sai an tambaya. Maƙwabta kuma suna da haƙƙin barci.

Da zan bar gida na uku, na ba da notis a kan lokaci, na cike ramukan ƙusa, na biya kuɗin wuta, na share har bayan ƙofa. Mai gidan, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya zagaya ɗaki-ɗaki ina biye da shi da tsofaffin hotunan nan a waya. Da muka zo kicin ya durƙusa, ya buɗe durowar ƙarƙashin famfo, ya shafa katakon da tafin hannu. A bushe yake. Ya miƙe ya karɓi makullai, ya ce, “Ɗana, in wancan gidan bai yi maka ba, ka kira ni kafin in ba wani.”