Fujinami ya ajiye babur, amma har yanzu ana yi masa gurguwar fahimta

Jama'a, akwai wata magana da take ci mini tuwo a ƙwarya tun ƙarshen kakar 2021, lokacin da Takahisa Fujinami ya yi ritaya daga gasar duniya ta hawan babur kan duwatsu, wadda ake kira Trial. Duk inda aka ambaci sunansa sai ka ji wani ya ce, ai kofin duniya ɗaya tak ya taɓa ɗauka. Gaskiya ne, ɗaya ne, na shekarar 2004. Amma wallahi duk wanda ya auna mutumin nan da wannan ƙidaya kaɗai, bai taɓa tsayawa a gefen dutse ya ga yadda ake wasan ba.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, ba tsere ba ne, kuma ba irin wasan babur na ranar biki ba ne da samari suke yi a kan titi. A nan ba a neman gudu. Babur ne marar sirdi, nauyinsa wajen kilo 70, tayoyinsa da iska kaɗan don su kama dutse. A tsaye mahayi yake hawa. Ana keɓe wasu wurare masu wuya da igiya ko kirtani, wani gangaren dutse, wani cikin rafi mai santsi, wani kan gungumen itace, a ce ya shiga ta nan ya fita ta can ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. In ya dafa ƙasa sau ɗaya, an rubuta masa maki ɗaya na laifi. Sau biyu, biyu. In ya faɗi ko ya kasa fita, biyar ne. Wanda ya fi kowa ƙarancin maki shi ne gwani. Wasa ne na totur, kuloci, birki da nutsuwa.

To, ku dubi zamanin da Allah Ya jefo Fujinami. Ya shigo gasar duniya a 1996 yana ɗan shekara 16, daga Japan. A shekara mai zuwa Dougie Lampkin na Ingila ya fara mulkinsa, ya riƙe kofin shekara bakwai a jere, daga 1997 zuwa 2003. Lampkin ɗan gado ne, mahaifinsa Martin shi ne ya ɗauki kofin duniya na farko a 1975. Shekara biyar a jere Fujinami yana zuwa na biyu a bayansa. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Ka yi atisaye duk tsawon hunturu, ka bar gida da dangi ka tare a Sifen, ka zagaya ƙasashe, sannan a ƙarshen kowace shekara mutum ɗaya ne a gabanka, kuma shi ɗin dai ne. Da yawa da sun karaya a ta uku. Shi bai karaya ba, sai da ya karɓe kofin a 2004, ya zama ɗan Japan na farko da ya yi hakan, kuma har yau babu na biyu.

Bayan nan Adam Raga na Sifen ya ɗauki biyu, sai kuma ga ɗan ƙasarsu Toni Bou a 2007. Wannan shi ne sashen da ya fi taɓa ni. Bou ba abokin hamayya ne daga nesa ba, ƙungiyarsu ɗaya, Repsol Honda, babur iri ɗaya suke hawa, Montesa Cota 4RT, ƙirar wani kamfani da ke ƙarƙashin Honda. Tun daga 2007 Bou bai bar wa kowa kofi ba, na fili da na cikin zaure. Fujinami ya zauna da shi shekara goma sha biyar, yana ganin matashin da ya fi shi kullum, bai bar fagen cikin fushi ba, bai koma wani kamfani ba. Honda ya fara da ita, Honda ya gama da ita. A ganina irin wannan zama ya fi cin kofi wuya, domin babu tafi a cikinsa, sai haƙuri da tsabtar zuciya.

Kuma kada wani ya ce zaman cika wuri ya yi. A shekararsa ta ƙarshe, yana da shekara 41, ya ci zagayen Italiya a Tolmezzo, ya doke yaran da wasunsu ba a haife su ba ranar da ya fara. Shi ne ya ci zagaye yana ɗan shekara 17 a 1997, shi ne kuma ya ci yana da 41. Shekara 26 a wasan da yake cin gwiwa da kafaɗa da wuyan hannu.

Abin da ya sa nake cewa sai an je an gani shi ne, bidiyo yana yi wa wasan nan ƙwange. A waya dutsen yana zama ƙarami, gangaren yana zama kamar fili. Amma in ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai, ka ga ya fi tsawonka nesa ba kusa ba, sannan ka ga mutum ya tsayar da babur cik ba tare da sauke ƙafa ba, yana nazari, ya murza totur injin ya yi kuka, ya saki kuloci ya haye, a nan ne za ka gane. Fujinami kuwa a murza totur ya yi suna, shi ya sa masoya suke ce masa Fujigas, "gas" ɗin yana nufin ba da wuta. Wasu gwanayen suna hawa da lissafi, shi da zuciya yake hawa, in zai faɗi ma da ƙarfinsa yake faɗuwa, ya tashi yana murmushi ya ɗaga wa mutane hannu. Na gan shi da idona a gasar cikin zaure ta Barcelona, a Palau Sant Jordi, kuma ihun da aka yi masa bai gaza na 'yan gida ba, alhali Bou da Raga duk 'yan yankin ne.

Wani abin da nake so a wasan shi ne kusanci. A gasar fili babu katangar da ta raba ka da mahayi sai igiya. Kana jin abin da mai taimaka masa yake faɗa daga saman dutse, kana ganin gumi a fuskarsa, kana bin su a ƙafa daga wannan wuri zuwa wancan cikin taɓo tare da tsofaffi da yara. A wane babban wasa ne za ka tsaya taku kaɗan da zakaran duniya haka? Shi ya sa ritayar irin su Fujinami take yi wa masu zuwa kallo zafi fiye da masu bi ta intanet. Su ba suna suka rasa a jadawali ba, mutum suka rasa da suka saba gaisawa da shi a wurin ajiye babura.

Alhamdu lillahi bai yi nisa ba. Tun 2022 shi ne manajan ƙungiyar da ya hau wa, wato yanzu shi ke kula da Bou. Wannan ma shaida ce ta yadda aka yarda da shi.

'Yan'uwa mazauna Turai, musamman na Sifen da Birtaniya, ku daina cewa sai baɗi. An haifi Bou a 1986, shi ma ba zai dawwama a kan babur ba. Ana yin gasar Barcelona duk shekara. Akwai ta kwana shida a Scotland, a kewayen Fort William cikin watan Mayu, wadda Lampkin ya ci sama da sau goma. Ku nemi takalmin da ruwa ba ya shiga, ku ɗauki yaranku, ku je da wuri don ku sami wurin tsayawa kusa da igiya.