Dubiya Kuka Zo Ko Ta'aziyya?

Makon jiya muka aurar da autar Gwaggona, kuma har yau abin da na gani ranar yinin biki bai daina cin raina ba. Wata huɗu ke nan Gwaggo tana fama da sankarar mama. Likitoci sun tsara mata kemo, wato maganin sankara da ake sa wa mutum ta ƙarin ruwa, sau shida, duk bayan sati uku, kafin a yi mata aiki, ta sha huɗu. Sumarta ta zube tas, faratanta sun yi baƙi, abinci kuwa ta ce duk ɗanɗanon ƙarfe yake mata. Amma da kanta ta zauna ta ƙirga kwanaki, ta roƙi maigidanta a sa ranar a sati na uku bayan ƙarin ruwan, lokacin da tashin zuciya ke lafawa, ƙarfi ya ɗan dawo. Ta ce ba za a kai 'yarta ɗaki tana kwance ba.

Ranar ta kashe ɗaurin ɗankwali, an zana mata lalle, tana zaune a falo da takunkumi a fuska saboda cunkoso, tana ta tsokanar masu tuyar waina wai sun cika rowar mai. Sai ga wata baiwar Allah ta shigo, ta kama hannayenta biyu, ta ƙare mata kallo, ta rushe da kuka: "Wayyo Hajiya, haka kika koma? Irin ciwon da ya tafi da maƙwabciyarmu ke nan, wata bakwai kacal ta yi." Gwaggo ta ce, "Allah ya ji ƙanta," ta juyo ta ce min, "'Yata, ba ni ruwa." Kofin rawa yake a hannunta. Wainar da take ta yi wa tsiya ko ɗaya ba ta ci ba.

'Yan uwana, don girman Allah, wa ya koya mana wannan? Mutum yana ta fafutukar riƙe ransa, mu kuma mu kwaso masa jerin sunayen matattu kamar tsaraba. Magana fa zarar bunu ce. Wadda ta faɗa ta ci shinkafarta ta tafi da ledar cincin da dubulan, mai ciwo aka bari da kwanan zaune.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Wata ta matso tana raɗa, raɗar da har tsakar gida an ji: "Gara da aka gaggauta auren, ta ga ɗakin 'yarta." Wata ta ce daji ba ya son ƙarfe, duk wanda aka taɓa da wuƙa an gama da shi, a dawo da ita gida akwai wani mai magani. Wannan maganar ita ke sa mata da yawa ɓoye ƙullutu a mama, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ya fashe a kwasa a yi asibiti, sannan a dawo ana cewa asibiti ne ya kashe. Alhali a Najeriya babu sankarar da ta kai ta mama yawa a jikin mata, kuma wadda aka kama da wuri ana warkewa, a rayu shekaru. Me ya hana ki kawo labarin waɗanda suka tashi? Ko shi ba ya da daɗin bayarwa?

Ku kuma 'yan matan waya, da ku nake. Na ga wadda ta saci hoton Gwaggo ta ɗora a WhatsApp da fuskokin kuka har guda biyar. Wa ya ba ki izini? Dubban da kika zuba a anko da kwalliyar fuska, ko kwatansu ba ki taɓa miƙawa na kuɗin mota zuwa asibiti ba, amma tausayinki ya cika intanet. Bari in bar wannan, don in na shiga zancen anko sai mu kwana.

Mu da muke cewa muna bin sunna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya je gaida mara lafiya cewa yake ba komai, tsarkaka ce in Allah ya so. Shi ya gaya mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Shirun ma ya gagare mu. Mutuwa rigar kowa ce, ciwo ba shi ke kawo ta ba sai kwana ya ƙare; masu dubiya nawa suka riga majinyacin da suka je yi wa kuka? In da rai da rabo.

Ina tuna dubiyar kakanninmu. Tsohuwa za ta zo da kwaryar fura ko kunun tsamiya a ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Sannu, ya jiki? Ai da sauƙi, fuska ta washe," ko da ba ta washe ba. Ta share tsakar gida, ta goye yaron da ke kuka, ta tafi kafin a gaji da ita. In hawaye ya zo mata sai ta kai zaure. Ba su san sunan cuta ba, amma sun san bakinsu. Mu mun yi boko, mun yi islamiyya, kara da kawaici sun bar gari. Mu dai gyara, mu ji tsoron Allah a kan harsunanmu.

Da daddare, bayan an kai amarya, na tarar da Gwaggo a kan darduma ta cire ɗankwali, kan nan fes. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri da mutane." Ta ɗan yi murmushi, ta nuna min ragowar atamfar biki a kan gado, ta ce in adana mata a akwati, ita za ta ɗinka ranar suna. Talata za mu koma a yi na biyar.